Yadda zaka gane ɗan guntun tsuntsun nan marar bindi a bishiyoyin Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu da na shafe shekaru ina bibiyarsa a cikin garin nan, kuma duk wanda yazo yace min yana so ya koyi gane ƙananan tsuntsaye to dashi nake fara masa. Manyan ai kowa ya sansu, shirwa, hankaka, belbela, hasbiya, cilakowa, ko yaro ɗan firamare zai faɗa maka sunansu, amma da zarar an gangaro kan ƙananun nan masu ruwan toka da ruwan ƙasa dake shige da fice cikin ganye sai kaji mutum yace ai duk gwara ne. Wallahi ba gwara bane, a bishiya ɗaya tak zaka iya samun kala biyar ko shida kowanne da irin rayuwarsa.

Wanda nake magana a kai a littattafan tsuntsaye sunansa Northern Crombec, sunan kimiyya kuma Sylvietta brachyura, wani Bafaranshe mai suna Lafresnaye ne ya fara rubuta bayaninsa a 1839. Kalmar brachyura ɗin daga Girkanci take, ma'anarta guntun bindi, ita kuma crombec asalinta daga yaren mutanen Holan ne, wato lanƙwasasshen baki, kaga sunan ma kaɗai ya baka alamomi biyu. Ni da yaran da muke fita tare ɗan guntu muke ce masa, dashi zan cigaba da kiransa a nan. Yana nan tun daga Senegal har Habasha da Somaliya da Kenya, kuma ba baƙo bane mai zuwa ya koma, rani da damina yana tare damu. Abin da yasa nake farawa dashi shine zai tilasta maka ka koyi kallon siffa kafin launi, wanda shine asalin aikin gaba ɗaya.

Kayan da zaka tanada

Na farko madubin hangen nesa, wanda ake cewa bainakula. Ka nemi wanda aka rubuta 8x42 ko 8x32 a jikinsa. Lambar farko tana nufin zai matso maka da abu sau takwas, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shine ke tara haske. Dan Allah kar a ruɗe ka da waɗanda gilashinsu yake ja wur ko ruwan goro mai ƙyalli, ko masu manyan lambobi irin su 20-180x100, na taɓa sayen irinsu a hannun wani mai tebur, sati biyu ina fama da ciwon kai ashe idanun biyu ba su daidaita da juna ba, duk abin da na kalla sai ya rabu biyu. Kafin ka biya kuɗi ka fito dashi waje ka kalli wayar wuta ko eriyar wani gida mai nisa, in kaga layi biyu ko kaji idonka yana ja, ajiye musu kayansu. Sannan ka gwada kallon abu na kusa kamar taku huɗu ko biyar, domin ɗan guntu sau da yawa a saman kanka zai zo, madubin da baya kama na kusa ba zai maka amfani ba. Na hannu mai kyau ya fi sabo na bogi nesa ba kusa ba.

In ka samu sai ka saita shi da idonka sau ɗaya: rufe gilashin dama da tafin hannu, ka murza ƙarfen tsakiya har abin da kake kallo ya fito tar a idon hagu, sannan ka rufe na hagu ka murza ɗan zoben dake jikin idon dama har shima ya fito. Shikenan, daga nan na tsakiyan kawai zaka riƙa taɓawa. Mutane da yawa basu san da wannan zoben ba sai su ɗauka madubin ne ya lalace.

Na biyu ɗan littafin rubutu da fensir, fensir nace ba biro ba, biro yana ƙin rubutu in takarda ta sha ƙura ko gumi. Na uku waya, saboda ɗaukar murya da bidiyo. In kana da data ka sauke Merlin Bird ID, manhajar waya ce ta gane tsuntsaye, kyauta ce, ka sauke kunshin tsuntsayen yankinmu a ciki yadda zai yi aiki ko babu netwok. Littafin da mafi yawan masu wannan harka ke riƙewa a Afirka ta Yamma shine Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, yana da tsada, in baka da halinsa ba komai, wayar ta isa a farko. Sai kaya marasa haske, ruwan ƙasa ko toka ko kore mai duhu. Farar shadda mai sitaci ka bar ta sai Juma'a, tana ɗaukar ido kuma tana ƙara duk motsin da kayi. Hula mai baki, ruwan sha, da takalmi rufaffe saboda ƙaya, domin inda tsuntsun nan yake so nan ƙaya take.

In baka da madubin kwata-kwata kar hakan ya hana ka fita. Wannan tsuntsun yana cikin 'yan ƙalilan da ake iya ganewa da ido zalla, saboda siffarsa ce ke tona shi, kuma baya da tsoron mutum sosai in ka zauna shiru.

1. Zaɓi bishiya kafin ka nemi tsuntsu

Kuskuren farko da sababbi keyi shine yawo, a zaga nan a zaga can ana ɗaga kai, a dawo gida da ciwon wuya ba a ga komai ba. Ɗan guntu ƙwari yake ci, ƙananan tsutsotsi da gizo-gizo da ƙwayayen ƙwari dake maƙale a ganye da ɓawon reshe, saboda haka inda ƙwari suke nan zaka je. Bishiyoyinmu na gida masu ƙaya sune kan gaba: bagaruwa, gawo, farar ƙaya, aduwa, magarya. Tsamiya da marke ma ana dacewa. Darbejiya kuwa duk da ita ta cika garin, daga Indiya aka kawo ta kuma ƙwari basa sonta sosai, zaka iya ganinsa ya ratsa ta cikinta amma ba nan ne wajen zamansa ba, kar ka ɓata safiyarka a ƙarƙashinta in akwai bagaruwa kusa.

Gawo na musamman ne. Kowa ya san halinsa, da damina ya kaɗe ganye, da rani lokacin da sauran suka bushe shi kuma ya yi kore shar, to a watannin sanyi zuwa bazara gawo ɗaya mai ganye kamar kasuwa yake ga ƙananan tsuntsaye. In ka samu irinsa a bakin gona ka riƙe shi.

A cikin gari wuraren da nafi zuwa sune harabar jami'ar Bayero, tsohuwa da sabuwar dake kan titin Gwarzo, gidan zoo na Audu Bako, tsofaffin gidajen Nassarawa da Bompai masu manyan bishiyoyi, da gonakin gefen gari ta wajen Challawa. Wani lokacin ma filin makaranta ko bayan masallacin unguwa in akwai tsohuwar bagaruwa ya wadatar.

Lokaci kuma bayan sallar asuba, da gari ya waye har zuwa wajen ƙarfe tara. Da la'asar sakaliya ma suna motsi amma ba kamar safiya ba. Da tsananin sanyin hunturu sai rana ta ɗan ɗaga suke fara kiwo sosai, kar ka karaya in kaji shiru da farko.

Wani gargaɗi da bazan tsallake ba: madubin hangen nesa yana jawo zargi. Kar ka ɗaga shi kusa da bariki, filin jirgi, gidan gwamnati, banki, ko ka fuskanci cikin gidan mutane dashi. An taɓa tsare ni kusan awa ɗaya a ƙofar wata ma'aikata, sai da na buɗe littafina na nuna zane-zanen tsuntsaye sannan mai gadin ya yarda, kuma gaskiyarsa ne aikinsa yake yi. Tun daga ranar duk inda naje sai na fara sallama da masu gadi ko mai gonar, in faɗi abin da ya kawo ni, in miƙa musu madubin su leƙa. Sau da yawa su ne ma zasu nuna maka bishiyar da tsuntsaye suka fi taruwa.

2. Zauna, rana a bayanka

Ka tsaya ko ka zauna ta yadda rana zata kasance a bayanka tana haska bishiyar. In ka fuskanci rana duk tsuntsun da ka gani baƙi zai zama. Kar ka shige gindin bishiyar, ka ja baya kamar taku goma yadda zaka ga gefenta gaba ɗaya. Sai kayi shiru minti goma cur, waya a silent, ba nuni da hannu.

Kar ka fara da madubi. Ka bar idonka ya huta a kan bishiyar kana jiran motsi, ganyen da ya girgiza alhali babu iska, ko wani ɗan dunƙule da ya gilma. In ka gani, idonka ya tsaya a wajen ƙyam, sai ka ɗago madubin ya zo ya samu idonka, ba ka sunkuya ka ɗauko shi sannan ka koma nema ba. Wannan ɗan abin sai an yi ta maimaitawa, ka gwada a gida da ƙusa a bango ko kan fitilar titi har hannunka ya saba. In kun fita ku biyu ku riƙa kwatance da agogo, ka ɗauki bishiyar kamar fuskar agogo kace yana wajen ƙarfe biyu, kusa da busasshen reshe.

In shiru yayi yawa kana iya yin ɗan sauti da baki, pshh pshh pshh a hankali, ko ka tsotsi bayan hannunka ya bada ɗan tsuwwa, ƙananan tsuntsaye suna leƙowa su ga meye. Sau biyu ko uku ya isa.

3. Duba bayansa kafin komai

Nan ne zuciyar aikin. Da ka samu ɗan tsuntsu a madubi, ranka zai so ya tafi kan launi, ka hana shi, ka tambayi kanka abu ɗaya: ina bindin? Ɗan guntu bindinsa gajere ne ƙwarai har kamar babu, in ya naɗe fukafukansa bakinsu yana kaiwa kusan ƙarshen bindin, sai ka ganshi dunƙule guda kamar an ɗauki goruba an manna mata baki da ƙafafu. Tsawonsa duka duka wajen santimita 9 ne, gwara kuwa tana kai 15, nauyinsa bai kai giram 10 ba. In ya tashi daga wannan bishiya zuwa waccan abin ya fi fitowa fili, kamar an wurga ɗan dutse mai fiffike, tashin gajere yana ɗan sama yana ɗan ƙasa ya faɗa cikin ganye.

Amma a kula, ba duk marar bindi bane ɗan guntu. Abu biyu suna yaudarar mutane. Akwai 'ya'yan wasu tsuntsayen da basu daɗe da barin sheƙa ba, musamman da damina, bindinsu bai gama fitowa ba. Su zaka ga gefen bakinsu da kauri rawaya-rawaya, gashinsu buzu-buzu, suna zaune waje ɗaya suna karkaɗa fiffike suna kuka iyaye na kawo musu abinci. Akwai kuma babban tsuntsun da kyanwa ko danƙon yara ya cire masa bindi. Shi wannan zaka ga tashinsa ba daidai ba kuma bayansa kamar an tsige. Ɗan guntu kuwa sumul yake, a shirye, komai nasa ya zauna daidai, yana kiwonsa da kuzari ba ya jiran kowa.

Kuma ka tabbata ka ganshi ta gefe. In tsuntsu ya fuskanto ka ko kana kallonsa daga ƙasa tsaye, kowanne ma sai ya zama kamar bashi da bindi. Ka jira ya juya.

4. Sai baki, sai fuska, launi a ƙarshe

Bakinsa siriri ne mai tsini, da ɗan tsawo in aka kwatanta da ƙanƙantar jikinsa, kuma ya ɗan lanƙwasa ƙasa kaɗan. Wannan kaɗai ya raba shi da su gwara da kanari da jan baki da marai, waɗanda bakinsu gajere ne mai kauri na fasa tsaba.

A fuska ka nemi layi biyu: gira mai haske a saman ido, sai wani layi mai duhu da ya ratsa ta cikin idon kamar an ja masa kwalli. Samansa tun daga ka har gadon baya da fukafukai ruwan toka ne, wani lokacin da ɗan ruwan ƙasa a ciki, babu zane babu ɗigo. Ƙasansa kuma, ƙirji da kuiɓi, launin shayin da aka zuba wa madara ne mai ɗan ja-ja, maƙogwaro da tsakiyar ciki sun fi haske har su kusa fari. Ƙafafu ruwan hoda-hoda. Mace da namiji kamarsu ɗaya, kar ka wahalar da kanka wajen rabewa.

Dalilin da yasa nace launi a ƙarshe, a Kano haske yana yawan canza shi. Da hazo ya sauko komai fari-fari yake zama, ja-jan ƙirjin sai ya dusashe kamar babu, da hantsi kuma ko dab da magariba rana tana rina kowane tsuntsu ya koma ruwan goro. Hasken da ya ratso ta cikin ganye shima yana sa farin ciki ya zama kore-kore. Siffa kuwa ko a hazo ko a inuwa tana nan yadda take.

5. Kalli yadda yake kiwo, ka saurari bakinsa

Wannan ne ɓangaren da nafi so. Ɗan guntu baya zama. Yana bin reshe da ɗan tsalle-tsalle, ya leƙa ƙarƙashin ganye, ya zagaya bayan reshen ya ɓullo ta ɗaya gefen, wani lokacin ya rataya kai a ƙasa yana zaƙulo wani abu daga tsagar ɓawo. Wata safiya a wata bagaruwa da bata fi tsayin katanga ba na kalli ɗaya ya ciro koriyar tsutsa kusan tsawon kansa, ya riƙe ta a baki yana buga ta a jikin reshe, ta dama ta hagu, sai da ta saki gaba ɗaya sannan ya haɗiye, ya goge bakinsa a reshen sau biyu ya wuce na gaba, duk wannan tsakanina dashi bai fi taku huɗu ba kuma ko kallona bai yi ba. Irin wannan in ka gani sau ɗaya ba zaka sake ce masa gwara ba har abada.

Galibi shi kaɗai ne ko su biyu, ba ya yin garke irin na jan baki, sai dai yakan shiga ayarin wasu ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari suna bin bishiyoyi tare. Da wuya ka ganshi a ƙasa yana tsintar tsaba. Shi yasa in ka zuba gero ko ka ajiye kaskon ruwa a tsakar gida wasu zasu zo da yawa amma kar ka sa ran shi.

Waƙarsa gajeriya ce mai zaƙi, 'yan sautuka a harhaɗe da sauri, ya yi ya ɗan tsaya ya sake maimaita irinta, kuma tana da ƙarfi fiye da yadda zaka zata daga jiki irin nasa. Yana da wani ɗan kira kuma busasshe kamar trrr. Rubuta kukan tsuntsu da haruffa baya taɓa fitowa daidai, saboda haka ka shiga shafin xeno-canto, inda ake tara rikodin kukan tsuntsaye a intanet, ka rubuta sunansa na kimiyya ka saurara tun a gida har kunnenka ya riƙe. A fili kuma in kaji, ka danna rikodin a waya, ko voice note ka tura wa kanka, a ƙarshe ka faɗi wuri da kwanan wata da bakinka. Abin da bana so shine kunna masa kukan a lasifika don ya fito. Yana fitowa kam, amma a zatonsa wani ne ya shigo masa yanki, sai ya bar kiwo ko ya bar sheƙa yana neman abokin faɗan da babu shi.

6. Cire masu kama dashi ɗaya bayan ɗaya

Sa'ar da muka yi ita ce a Kano da kewaye shi kaɗai ne a danginsu na crombec, 'yan uwansa masu kore suna can dazukan kudu. Amma akwai maƙwabta da suke ruɗa sabon shiga.

Wanda ya fi kama ni shine baƙon da ake kira Subalpine Warbler, yana zuwa daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ya yi hunturu a bishiyoyin ƙayarmu. Namijin samansa toka, ƙasansa ja-ja, wato dai launin ɗan guntu sak in ka kalla da gaggawa. A shekarata ta farko na rubuta shi a matsayin ɗan guntu har sau uku, sai da wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ce min, ɗana sake dubawa, wannan ai da bindinsa. Kuma haka ne, bindi dogo mai fari a gefe, ga farin layi kamar gashin baki daga gindin baki, ga jan zobe a ido. Launi na bi, shi ya kai ni ya baro. Tsakanin Oktoba da Maris akwai baƙi irinsa da dama daga Turai a cikin gawo da bagaruwa, dukkansu da cikakken bindi.

Sai Grey-backed Camaroptera, shi bindinsa gajere ne amma akwai shi, kuma yana yawan ɗaga shi sama. Fukafukansa kore ne, yana son ƙasa-ƙasa cikin duhuwar shinge da lambu, kukansa kamar na ɗan akuya sabon haihuwa, mee mee. In kaji wannan kukan daga cikin shinge an gama magana.

Tawny-flanked Prinia yana da gira mai haske da kuiɓi ruwan shayi kamar ɗan guntu, amma bindinsa dogo ne siriri yana wutsil-wutsil dashi, cikin ciyawa da ƙananan kurmi yake.

Dangin eremomela sai an ɗan nutsu. Su ma ƙanana ne masu bin ganye, bindinsu bai da tsawo sosai, amma cikinsu ruwan ɗorawa ne ba ruwan shayi ba. Senegal Eremomela kansa toka, bayansa kore, cikinsa rawaya, kuma cikin 'yar ƙungiya suke yawo suna surutu, zaka fi cin karo dasu in ka yi kudu inda daji ya fi kauri kamar wajen Falgore.

Matan sha-kauci, masu shan ruwan fure, suma suna da lanƙwasasshen baki da jiki marar ado, sai dai mafi yawansu bakin ya fi tsawo da lanƙwasa, suna da bindi, kuma a kan fure zaka gansu. Wani kuma rawaya ne da farin zobe kewaye da ido kamar ya sa tabarau, shi ko gira bashi da ita.

7. Rubuta kafin ka buɗe waya

Da tsuntsun ya tafi, kar ka buɗe Merlin ko littafi tukuna. Ka fara rubuta abin da idonka ya gani: kwanan wata, lokaci, wuri, irin bishiyar, girmansa in an gwada da gwara, bindi, baki, fuska, sama, ƙasa, abin da yake yi. Ka zana shi ko da ƙwai ne da tsinke biyu, ka ja kibiya ka rubuta toka nan, ruwan shayi nan. Abin da baka gani ba ka rubuta ban gani ba. Dalili shine in ka fara kallon hoto, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar abin da ke hoton ta liƙa a kan abin da ka gani, sai ka rantse ka ga girar alhali baka ganta ba.

Ni ƙa'idata sai abu uku sun haɗu nake rubuta sunansa: babu bindi ta gefe, siririn baki da layin ido, da irin kiwon nan na zagaya reshe. In biyu ne kawai sai in sa alamar tambaya in koma washegari, tunda ba ƙaura yake ba, yawanci yana nan a yankin bishiyoyin da ka barshi.

Hoto da waya yana da wuya saboda baya tsayawa, bidiyo ya fi, daga baya sai ka tsayar ka ɗauki sikirinshot inda ya juya gefe. Kana iya kuma ɗora kyamarar wayar a kan idon madubin, sai dai yana son haƙuri da wanda zai riƙe maka. Abin da Merlin ya faɗa maka ka ɗauke shi shawara, ka gwada da rubutunka, musamman ta ɓangaren murya yakan kawo sunan tsuntsun da ko a nahiyar nan babu shi.

In ka tabbatar, kar ka bar shi a littafinka kaɗai. Ka sa a eBird ko BirdLasser, manhajojin da masu kallon tsuntsaye ke tura abin da suka gani. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI dake Jos take jagoranta tun 2015, sun raba ƙasar gida-gida kowanne kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, kuma abin da mutane irinmu suka gani suka tura dashi ake cike gidajen, har da na unguwarku.

8. In Allah ya nuna maka sheƙa

Sheƙarsa 'yar jaka ce mai zurfi da yake ratayawa a ƙarshen siririn reshe, da ciyawa da zaren tsirrai ya ɗaure da saƙar gizo, ya manna mata 'yan tarkacen ganye da ɓawo a waje har ta zama kamar shara ce iska ta maƙala, ƙwai biyu ya saba yi. Wadda na gani da damina ce, a reshen magarya daidai kafaɗata, kuma ban gane ta ba sai da naga uwar ta shige da tsutsa a baki. In ka dace da irin haka ka ja baya taku goma sha biyar ka kalla daga can, kar ka taɓa, kar ka karya ganyen da ya rufe ta don hoto ya fito, kar ka wuce minti kaɗan a wajen, kuma ka lura da wanda ke kallonka, in yaran unguwa masu danƙo suna kusa ka juya madubin wata bishiyar har su wuce.